Igiyar Jakin Modi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Haliru,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka lafiya, ka sami masauki na kirki da maƙwabta masu tsoron Allah. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a inda ka sauka, ya kuma tsare mutane daga gare ka. Wannan ta ƙarshen ba kuskuren biro ba ne, za ka gane in ka kai ƙarshen takardar.

Na cusa ta a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙullin yajin innarka, don na san ba za ka kai gare ta ba sai yunwa ta kai ka. Za ka ga guntun igiya naɗe da ita. Kada ka yar, kada kuma ka ɗaure kaya da shi. Labarin gida ba zan ba ka ba, jiya-jiya ka bar shi. Innarka ta riga ta yi maka nata wa'azin a kan salla da abinci da 'yan matan Legas, nawa daban ne. Sau biyu ka tambaye ni abin da ya sa na sayo jakin nan da ke kwance a bayan rumbu yana cin harawa ba ya aikin komai, na ce maka harkar manya ce. To, yau zan gaya maka, amma sai ka yi haƙuri da ni, tsohon dillali ba ya zuwa ga magana kai tsaye.

Ka tuna ranar da takardar ɗaukar aikinka ta zo, munka zauna gindin darbejiyar ƙofar gida, na ce ka gaya mini da Hausa, ba da Turancin da kake rufe mana baki da shi ba, wane aiki ne wannan kamfani zai ba ka. Ka ce ku masu karatun ƙwaƙwalwa kuna binciken abin da ke faruwa a cikin kan mutum lokacin da zai sayi abu. Ka ce har da na'urar da ake kwantar da mutum a ciki, a nuna masa kaya da farashi, a ga inda ke motsi a kansa. Kamfanin kuma zai sa ka riƙa ba 'yan kasuwa shawarar yadda za su jera hajarsu a waya don mutane su saya, musamman samari. Sai na ce, "To, ashe dillali na haifa." Ka ɓata rai, ka ce ai naka ilimi ne. Ban yi maka gardama ba. Amma ka duba mini: shekara fuɗu a jami'a, ɗaya a bautar ƙasa, raguna nawa sunka bar gidan nan saboda kai, ashe duk don ka dawo sana'ar ubanka ne, sai dai kai da kwat za ka yi ta. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni fiye da shekara talatin na yi a kara ta Tambuwal ina haɗa mai dabba da mai saye ina cin la'ada, kuma ba a taɓa kwantar mini da kowa a na'ura ba.

A ranar ka taɓa goshinka ka ce a bayan goshin nan akwai wani ɓangare na ƙwaƙwalwa, shi ne mai auna abu, mai cewa dakata. Ka ce shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya kai wajen shekara ashirin da biyar, alhali ɓangaren da ke cewa "ina so" tun yaro yana ɗan shekara goma sha ya tashi da ƙarfinsa. Wato inji ya iso, birki yana hanya. Wannan maganar ta shige ni, Haliru, ba don sabuwa ce ba. Mu a kara muna da sunan irin wannan mai saye tun kafin a haife ka, ɗanyen kai muke ce masa. Kai ma, da shekarunka ashirin da fuɗu, a lissafinka da bakinka ba ka gama nuna ba, don haka ka zauna ka saurara.

Ina ɗan shekara goma sha tara kakanka ya ba ni kuɗin 'yar akuya ya ce in je Jabo in karɓo ta wurin wani amininsa. Ban kai gidan mutumin ba. A bakin hanya na tarar da wani mai sayar da kayan keke ya baza hajarsa a kan tabarma, ina wucewa ya danna ƙararrawa, kirrin. Wallahi har yau ina jin ƙarar nan a kunnena. Na tsaya in gani kawai. Ya miƙo mini na danna da kaina. Kafin in san inda nake na sayi ƙararrawar, na sayi famfo, na sayi madubi, na sayi jajayen tuntayen nan da ake rataya wa hannun keke. Ka lura, ba ni da keke, babu mai keke a gidanmu. Amma a kaina lissafin ya fita daidai: tunda na sami waɗannan, ai keken kaɗai ya rage.

Na kamo hanyar gida a ƙasa ina tafe ina danna ƙararrawa, mata masu ɗauke da itace suna ratse mini, su waiwaya su ga mutum da ƙafafunsa biyu. Daɗin bai bar ni ba sai da na hango rufin zaurenmu, nan ya zube gaba ɗaya. Ka ce mini a karatunku an gano ɗokin samun abu ya fi samun nasa daɗi a ƙwaƙwalwa. Ni a hanyar Jabo na karanta wannan. Kakanka yana zaune yana saƙar igiya, na zube masa kayan a gabansa ina jiran duka. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya danna ƙararrawar sau ɗaya, sannan ya ce, "Madalla. Jingine shi a bango kada ya faɗi." Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Shekara guda cur, duk aiken da zai yi mini sai ya ce in hau kekena in yi sauri. Daga nan unguwa ta ɗauka. Kai ka tashi kana ji ana ce mini Alu Mai Keke, ka ɗauka na taɓa yin wani keke na gani na faɗa. Ban taɓa mallakar keke ba a rayuwata, daga ƙafa sai babur.

Don haka duk abin da ka gani a Legas ya yi maka kirrin a zuciya, ka bar shi ya kwana a kasuwa. In ka tashi da safe yana nan a ranka, ka je ka duba shi da idon safe. Mafi yawansu kafin gari ya waye sun mutu da kansu.

Yanzu za ka ce ai wannan ƙuruciya ce, birki bai iso ba. To, ji ta girma. Ubangidana a dillanci, marigayi Ɗan'ige, shi ya koya mini aikin kara, kuma duk abin da ka lissafa mini a gindin darbejiya da sunayensa na Turanci ya riga ka faɗa. Ya ce in kana son sayar da rago kada ka nuna shi shi kaɗai. Ka ɗaure masa wani ramamme a hagu, ka ɗaure wani ƙato mai tsadar hauka a dama, mai saye da kansa zai miƙa hannu ga na tsakiya yana ganin shi ne mai wayo. Ya ce ka fara faɗin kuɗin ƙaton, don lambar da ta fara shiga kunne ita ke zama, duk abin da ya biyo baya da ita ake auna shi. Ya ce kada ka matsa wa mutum da safe yana da ƙoshi da ƙarfinsa, ka bar shi ya zaga har bayan azahar, rana ta dafa shi, yunwa ta kama shi, lokacin so yake kawai a gama ya tafi. Sannan a sami wani abokin aiki ya gitta kamar bai san ka ba, ya shafa ragon, ya taya. Babbar dabara kuwa ita ce igiya. Ɗan'ige ya ce kada ka taɓa ce wa mutum ya saya. Ka ce masa, riƙe mini nan in gyara takalmina. Da zarar igiya ta zauna a tafin hannunsa dabba ta zama tasa a ransa, in ka zo karɓa sai ya ji kamar ƙwace za ka yi masa.

To ni da na san duk wannan, ina da shekara hamsin da ɗoriya, gemu ya yi fari, na shiga wani shagon waya bayan an tashi kasuwa, ban ci komai ba tun kokon safe. Mai shagon ya jera mini wayoyi uku a kan gilashi, wata 'yar mitsitsiya a hagu, wata mai faɗin allo a dama, ya fara faɗin kuɗin ta daman. Na gane shi sarai. Har murmushi na yi a raina, na ce yau ka gamu da malaminka. Ya ɗauki ta tsakiya ya ce in riƙe masa zai nemo caja. Haliru, da ta tsakiyar na fito, ina tafe ina yaba wa kaina yadda na ƙi yarda a cuce ni.

Ita ce wayar nan mai carar zakara. Ba a rage mata murya, ba a canza mata kuka, wanda ya ƙera ta bai yi niyyar a huta ba. A ɗaurin auren 'yar maƙwabcinmu, liman ya ce a yi shiru za a shafa fatiha, sai zakara ya yi cara daga cikin aljihuna. Na danna wancan, na danna wannan, ya ƙara. Ƙarshe zama na yi a kanta, yana yi daga ƙarƙashina a shaƙe, dattawa suna ta kallon tabarma kafaɗunsu na rawa. Wanzami ba ya son jarfa, amma ranar na sha ta. In birki a ashirin da biyar yake isowa, nawa ina jin a mota anka sauke shi a wani gari. Abin da nake so ka riƙe shi ne sanin tarko ba ya hana faɗawa. Kada digirinka ya ruɗe ka ka ɗauka kai ka fi ƙarfin talla, kuma kada ka shiga shago da yunwa.

Ta bayan nan kai ma kana da hannu a ciki, don kai ka koya mini tura kuɗi ta waya. A da in zan biya sai na kwance lalita, na tofa yawu a yatsa, kowace takarda ta fita ina jin zafinta har cikin haƙarƙari, wannan zafin shi ke tsare ni. Ka ce mini ku ma kun gani a na'urarku, biya yana da ciwo, kuma in ba a ga kuɗin da ido ba ciwon yana raguwa. Da ka faɗa mini wannan kafin ka koya mini dannawa, da ka kyauta. Ran kasuwar farko bayan na koya na tarar da taro an kewaye wani mai lasifika yana tallar injin ƙyanƙyasar ƙwai, yana rantsuwa saura biyu. Na danna waya ban ji komai ba, kamar ba nawa ba. Sai da na kawo shi gida na tuna abin yana son wutar lantarki dare da rana har sati uku, mu kuwa ka san yadda wutarmu take, gaisuwa take zuwa yi. Innarka ta zagaya shi sau biyu ta ce, "Malam, shi ma jingine shi za mu yi?" Ita ce ta ba shi aiki daga baya. Daddawa take ajiyewa a ciki, ta ce ɓera ba ya shiga.

Duk waɗannan ni na cuci kaina, shi ya sa nake ba da su a majalisa ana dariya. Akwai wanda ban taɓa ba kowa ba, ko innarka.

Kana goye lokacin. Gab da faɗuwar damina wani baƙo ya kawo mini bajimi fari, ƙosasshe, kowa ya gan shi sai ya sake kallo. Ya gaya mini a kunne cewa yana da hali ɗaya: da ya ji karkiya a wuya sai ya durƙusa ya kwanta, ko kashe shi za a yi ba ya tashi. Na yanka ne, ba na noma ba. Amma kuɗin na noma ya fi, la'adarsa ma ta fi. Da hantsi sai ga wani saurayi daga Fakku, sunansa Modi, ba zai wuce shekara ashirin ba. Mahaifinsa ya rasu da rani ya bar masa gona da garma da sa guda, da uwa da ƙanne. Ya sayar da 'yan tumakin gidan ya zo neman na biyun da zai haɗa ya yi huɗa. Ka san al'adarmu, saurayi ba ya zuwa sayen sa shi kaɗai, sai da babba. Ya zo da kawunsa, wani dattijo mai ƙaramin ido wanda ba ya magana sai ya duba haƙori da kofato.

Na ga idon Modi ya sauka a kan bajimin ya ƙi tashi. Na san in kawun ya matso ciniki ya mutu. Na bari sai bayan azahar, sannan na aika anka ce wa dattijon wani mutumin Kebbe yana nemansa a rumfar masu goro, abokin aikina ya tare shi can da fura da hira. Na jawo Modi. Na ce ya riƙe mini igiya in gyara takalmina. Takalmin lafiyarsa lau. Ina sunkuye ina kallonsa ta gefen ido, yana shafa wuyan bajimin yana yi masa magana a hankali. Wani namu ya gitta ya taya. Yaron ya ƙanƙame igiyar da hannu biyu ya ce shi ya riga. Ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba, Haliru, wannan shi ne abin da na daɗe ina lallashin kaina da shi. Bai tambaya ba, ban faɗa ba. Anka sallama, na kwance igiyar mai dabba, don ka san a kara ba a sayar da dabba da igiyarta, wai albarkar garke ita take bi. Modi ya ciro wata sabuwa fil daga aljihunsa, da hannunsa ya saƙa ta tun daga gida.

Kawun ya dawo ya tarar an gama. Ya ɗora hannu a wuyan bajimin, ya ji shi sumul, babu kantar karkiya ko kaɗan a dabba mai waɗannan shekaru. Kallo ɗaya ya yi mini, ya juya sunka tafi.

Kasuwa ta uku Modi ya dawo da bajimin a ƙasa tun daga Fakku. Na hango shi daga nesa, na zaga bayan motar shanu na tsuguna kamar mai fitsari, ban taso ba sai la'asar. Mai dabba ya daɗe da barin gari. Daga baya na ji mahauta sunka saya da kuɗin nama, Modi ya koma ya yi noman da hannu, lokaci ya riga ya wuce, geron da ya samu bai kai su ko tsakiyar rani ba. Ya tafi cin rani kudu ya daɗe bai dawo ba. Ni kuma tun daga shekarar ban sake bin hanyar Fakku ba. In zan je Kebbe sai in yi zagaye, in ce wa innarka hanyar ce ba kyau. Fiye da shekara ashirin hanyar nan ba ta gyaru ba a bakina.

Da ka taɓa goshinka a gindin darbejiya ka ce na saurayi bai gama nuna ba, kai kana ba ni ilimi ne, ni kuwa Modi nake gani riƙe da igiya. Na san bai nuna ba, ai shi ya sa na zaɓe shi. Kawun nan shi ne birkinsa, aro anka ba shi kafin nasa ya iso, ni kuma na cire. Kwana uku abinci ba ya mini daɗi. A na fuɗu na ce wa innarka zan je gaisuwar rasuwa, na hau kabu-kabu sai Fakku.

Ban sha wahalar samun gidan ba. Modi ya zama magidanci, furfura ta fara taɓa masa gemu, yana kiwon tumaki da jakuna yana sayarwa. Na shirya jawabi tun daga hanya yadda zan gabatar da kaina, bai bar ni na fara ba. Yana ganina ya ce, "Baba Mai Keke, kai na?" Na ce ni ne. Ya shimfiɗa mini tabarma, anka kawo ruwa. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi damina, na tambayi iyali, na sake tambayar damina. Ƙarshe dai na faɗa, na ce na san halin bajimin nan tun kafin ya taɓa igiyarsa, kuma ni na sa anka janye kawunsa, na zo ya yafe mini.

Modi ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce kawun nasa ya gaya masa tun a hanya ran nan, kuma ya rasu shekarun baya. Ya ce shekarar ta yi musu zafi ƙwarai, ba zai ɓoye mini ba, amma ya yafe tun da daɗewa don ya gaji da ɗaukar abin. Na ji kamar an sauke mini dami daga ka. Na fara neman takalmina, sai ya ce ai ba na tafi ban ga dabbobinsa ba.

Lokacin azahar ta wuce, ban ci komai ba sai ruwan nan. Ya kai ni bayan gida, sai ga jakuna uku a ɗaure. Wani ƙanjamamme a hagu, wani ƙato a dama, wani madaidaici a tsakiya. Ya fara faɗin kuɗin ƙaton. Na ce a raina, Alu, yau ranarka ce. Wani maƙwabcinsa ya leƙo ta kan danga ya ce shi fa na tsakiyar nan yana so. Sannan Modi ya kwance na tsakiyar, ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Baba, riƙe mini nan in gyara takalmina." Ba ko takalmi a ƙafarsa. Na miƙa hannu na karɓa.

Ya faɗi kuɗin da ko dokin sukuwa sai a yi tunani. Na buɗe baki, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, Baba, kamin ka taya. Wanga jaki ba shi ɗaukar kaya. Da an aza mishi ko buhun ƙaiƙayi, kwanciya shika yi. Ni ba ni saida dabba ban faɗi aibinta ba. In kana so ka tafi ka kwana a kai, ko ka zo da wani babba shi duba maka."

Ni da furfurata ake ce wa in zo da babba. Na ce masa wa ya koya masa ciniki haka, ai mai wannan hali ba ya arziki a kara.

Ya ce, "Kai."

Fiye da shekara talatin ina dillanci ban taɓa sayen ko kaza a farashin farko ba. Ranar na ce na saya, ban rage ko sisi ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na tsaya ina jira ya kwance igiyarsa yadda aka saba, sai ya ce in tafi da ita. Na ce ai ba a yi, albarkar garkensa fa. Ya ce ya sani. A nan ne idona ya kawo ruwa, na ce ƙura ce, shi ma ya yarda ƙura ce. A a-kori-kura anka kawo mini jakin, direban ya ce bai taɓa ɗaukar dabba mai hankalinsa ba, tun da ya shiga ya kwanta bai motsa ba har Tambuwal. Innarka ta dube shi, ta dube ni, ta ce gaisuwar rasuwar ta yi kyau, shi wannan ko jinginewa ba ya buƙata.

To igiyar da ke hannunka yanzu daga waccan na yanko maka. Ban ce ka bar aikinka ba. Saye da sayarwa halal ne, jera kaya ya yi kyau ba laifi ba ne, ni ma da shi na ciyar da ku, kuma ba duk cinikina ne irin na Modi ba. Amma ka lura da abu ɗaya. Ni sai da na yi wahala, na haɗa baki da mutum biyu, na yi asarar fura, kafin in raba saurayi ɗaya da kawunsa. Ku wayarku ta riga ta yi muku wannan aikin. Yaro yana zaune shi kaɗai, babu babba kusa, kuɗin ba su da ciwo, igiyar kuma tana tafin hannunsa tun safe. Ranar da manyanka za su ce ka tsara musu yadda za a hanzarta shi, a rubuta masa saura biyu alhali ɗaki cike yake, a ɓoye aibin a ƙasa inda ido ba ya kai, ka ciro guntun nan ka riƙe kafin ka amsa. Ka faɗi aibin kaya. Ka bar wa mutum ƙofar da zai je ya kwana a kai. In sun ce mai wannan hali ba ya arziki, ka ce musu ka san wani a Fakku yana da jakuna.

Ina jin tsoro, Haliru, ba zan ɓoye maka ba, kuma ba tsoron a cuce ka nake ji ba, wannan in ya faru za ka warke ka ba da labari ana dariya kamar ubanka. Ni Modi ɗaya na yi, na san sunansa, na san garinsu, duk da haka sai da na shekara ashirin ina zagaye hanya kafin in iya zuwa. Kai in ka yi, dubbai za ka yi a yini ɗaya, ba ka ga fuskar ko ɗaya ba. Ranar da abin zai taso maka, ba za ka san garin da za ka hau kabu-kabu ka je ba.

Innarka tana gaishe ka, ta ce yajin ka riƙa rufe shi da kyau. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na dare da na rana, ya haɗa ka da iyayen gida masu amana, ya sa albarka a abin da za ka samu ko kaɗan ne. Allah ya ƙarasa nunar da kanka lafiya, ya sa ilimin nan naka ya zama kawu ga yaron da ya zo kasuwa ba shi da kawu. Ya dawo mana da kai lafiya, ka tarar da mu lafiya. Jakin dai na san a kwance za ka same shi.

Wassalam.

Mahaifinka,
Alu Mai Keke,
Tambuwal.